Ruwan Rufin Larye

Teshi, ƙarshen Yuni

Sista Lamile,

Gaisuwa mai yawa daga bakin teku. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da ɗanki Kote da matarsa baturiya da har yau ban iya kiran sunanta ba. Yaya gwiwa? Tawa ta hagu tana nan, tana faɗa mini zuwan ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Ban da ita lafiyata ƙalau, ina cin dokununa, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ina sayar da saura.

Labari biyu gare ni, mai daɗi da mai jiƙa. Ke ce babbar da ta rage mini a dangin uwa, ko da yake sai an bi ta kan kakanni kafin a haɗa mu, don haka dole ki ji duka biyun. Bari in fara da mai jiƙan in huta.

An yi mana ruwan da tun da aka kawo ni Teshi amarya ban ga irinsa ba. Kwatar bayan gida ta cika ta shigo tsakar gida ba sallama. Kujeru, tukwane, kwandunan ganyen masara, duk suka hau iyo. Har silifas ɗinki shuɗin nan da kika manta a ƙarƙashin gadona zuwanki na ƙarshe, na gan su suna bin juna za su fita ƙofa, sai da na tare su da muciya. Ko su ma sun gaji da jiran ki ne, oho.

Ruwan ƙasa ya janye da wuri, na sama ne ya yi ɓarna. Reshen darbejiya ya karye ya faɗa kan rufin babban ɗaki, ɗakin marigayi Larye, ya farfasa siletin gefen da ke kallon tsakar gida. Ruwa ya yi ta zuba a kan silin, silin ya sha ya ƙoshi, ya kumbura, ya rufto. Yanzu ɗakin cike yake da gutsattsari fari-fari, jiƙe sharkaf. Na tsaya a bakin ƙofa na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Kin tuna yadda mijina yake ji da rufin nan. Shi ne na farko da ya sa sileti a layinmu lokacin da kowa ke gasuwa a ƙarƙashin kwano, har kujera yake fitarwa da yamma ya zauna yana kallon abinsa kamar an ce za a sace.

To ga mai daɗin. Torshi, matar ɗana Ajete, tana da ciki, kuma ya tsufa, cikin Agusta muke sa rai. Sun hana ni faɗa saboda ɓarin da ta yi a baya, bakina har ƙaiƙayi yake. Yanzu zani ya daina rufa asiri, an sake ni. Sista, ina tafiya a hanya sai in kama kaina ina murmushi ni kaɗai, masu sayen dokunu suna samun gyara ba su san dalili ba.

Ranar fitar da jariri a raɗa masa suna, a nan za a yi, a gidan kakansa. Da asuba za a kwantar da shi a ƙasa a gindin rufin Larye, a watsa ruwa a sama ya gangaro masa a jiki, daidai wurin da aka yi wa ubansa. Jikana na fari ne. Ba zan yarda a yi a wani gida ba, kuma ba zan yarda ruwan datti ya sauko masa ba.

Don haka ga shirina. Da rana ta buɗe zan sa a kwaso gutsattsarin silin a shanya a tsakar gida su bushe, a farfasa manyan su shiga buhu, a share ɗakin tas. Ajete zai hau sama da burushin ƙarfe ya kankare gansakukar da ta mayar da siletin kore, ya sa zarto ya daidaita bakin da ya fashe. Guntayen ma ba za su yi asara ba, maƙwabta sun kama layi. Wata za ta rufe akurkin kaji, Koko mai kifi za ta ɗora a murhu ta yi gashi. Yara kuma sun gano yana zane a ƙasa kamar alli.

Ata Sowa, yayan Larye, yana gaishe ki. Ya zo duba ɓarna da sandarsa, ya ce wannan ba ruwa ba ne, mu je teku mu ga ruwa. Har yau ba a yi hira da shi jirgi bai shigo ciki ba.

Ki aiko da hular jariri mai laushi, ba irin mai kaushin nan da kika aiko wa 'yar Fasto ba.

Taki,
Okaile

Liverpool, Yuli

Okaile,

Takardarki ta iso yau da safe, ko shayina ban ƙarasa ba na zauna amsa ta. Muna lafiya. Gwiwa tana nan inda kika san ta. Kote da Margaret suna gaishe ki, kuma sunan ba wuya gare shi ba, ke ce ba ki so.

Na taka rawa ni kaɗai a kicin saboda Torshi, da gwiwar da komai. Allah ya sauke ta lafiya. Hula da hannuna zan saƙa.

Yanzu ki ajiye muciya ki saurare ni. Kada ki shanya komai. Kada ki share ɗakin nan. Kada Ajete ya hau rufin nan da burushi ko zarto.

Abin da muke kira sileti, da irin silin ɗin da ake sawa a zamanin da Larye ya yi gini, siminti ne aka kwaɓa da wani abu mai zare-zare da ake kira asbestos. Ban taɓa duba naku da kyau ba, amma na shekarun nan kusan duk haka suke, ki ɗauke shi a haka har wanda ya sani ya duba. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, bai cika damun kowa ba, shi ya sa kuka daɗe a ƙarƙashinsa. Amma in ya fashe ya bushe, aka share shi ko aka kankare ko aka yanka, sai ya tayar da ƙura mai laushin da ido ba ya gani. In ta shiga huhu ba ta fita. Ba ta sa tari yau ko gobe, sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da mutum ya manta da ranar da ya shaƙe ta. A nan ƙasar an hana aiki da shi. A asibitin da na yi aikin wanki bututu ya taɓa fashewa a tsohon gini, aka rufe sashen, aka kawo mutane a rufe ruf tun daga kai har ƙafa, kuma ba wanda ya ɗauki tsintsiya.

Jiƙewar nan da kike ƙi, ita ce take tsare ku. Ki rufe ƙofa da tagogi, ki toshe ƙasan ƙofar da jiƙaƙƙen tsumma. In kin ga ya fara bushewa ki yayyafa ruwa a hankali daga bakin ƙofa, yayyafi na ce, ba kwarara ba. Ki karɓe na hannun yara ki wanke musu hannu. Mai akurki da mai gasa kifi ki ce musu ni na hana. Torshi ko leƙawa kada ta yi. Ajete ya tambaya a masana'antun Tema inda yake aiki, ba za a rasa waɗanda aka koya wa kwashe irin wannan ba. Zan aiko da abin rufe hanci na gaske, don ɗankwali ba ya tare ƙurar.

Jariri kuma ba za a kwantar da shi a gindin fasasshen rufin nan ba. Ki nemi wani wuri.

Na san ki, Okaile. Kin fi so a ce kin yi sata da a ce ɗakinki da datti. Wannan karon ki daure ki zama ƙazama.

Yayarki,
Lamile

Liverpool, ƙarshen Yuli

Okaile,

Shiru nake ji. Ina fata lafiya, ke da Torshi da kowa. Na buga wayar gidan Fasto har yatsana ya gaji, an ce layin unguwarku bai dawo ba tun ruwan. Kullum da safe ina roƙon Allah kada rana ta fito a Teshi, ni da na ƙare rayuwata a nan ina kukan rashin rana.

Ko dai takardata ba ta iso ba, ko ta iso kin yi fushi. Na fi zaton na biyun. Na zauna na tuna abin da na rubuta, na ga na yi miki magana kamar ni na haife ki, kuma na taɓa rufin Larye. To bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba.

Da mijina Kwei ya rasu na ce muku ciwon ƙirji ne, kuka ce sanyin Ingila ne ya kama shi, na bar ku a haka don ba ni da ƙarfin bayani. Ba sanyi ba ne. Yana saurayi a ɗakin injin jirgi yake aiki, kuma da wannan abin ake naɗe bututun zafi. Ya ce in suna gyara sukan fito fari fat kamar masu niƙa, suna dariya suna jifan juna da dunƙulensa. Ya bar jirgi, ya aure ni, ya aurar da ɗanmu, sannan abin ya zo ya same shi. Mutumin da yake ɗaga ni sama a wurin rawa ya koma yana hutawa tsakanin gado da ƙofa. Ni na zauna da shi, ni na ji numfashin. Shi ya sa ban sake zuwa gida ba, don na san duk wanda na gaisa da shi zai tambaye ni yadda aka yi.

Ba zan tsorata ki da ƙarya ba. Ban ce ɗigon ruwa daga rufi zai kashe jariri ba, kuma Kwei shekaru ya yi yana shaƙa, ba yini guda ba. Amma ba wanda ya san iya adadin da ba ya cutarwa. Ki duba abin da kika shirya: Ajete a sama da zarto, hancinsa a kan abin, ƙurar tana sauka daidai inda za a kwantar da ɗansa, ke kuma a ciki kina tayar da sauran da tsintsiya. Ba na so wata rana Torshi ta zauna da Ajete irin zaman da na yi.

Na ba wata 'yar cocinmu da za ta taho Accra wannan takarda, da abin rufe hanci, da hula. Ki yi fushinki son ranki, amma ki rufe ƙofar.

Lamile

Teshi, farkon Agusta

Sista Lamile,

Muna lafiya. Torshi tana wurin uwarta, ta yi nauyi, ƙafa ta kumbura, amma tana cin abinci kamar masunci. Gwiwata ta yi sauƙi. A gaishe da Kote da Magret, kin ga na gwada.

Kin canka daidai, fushi na yi, mai kyau kuwa. Na karanta takardarki ta farko na ce shi ke nan, Lamile ta gama zama baturiya. Mu da muka haihu a ƙarƙashin rufin nan muka yi aurarraki, yau ita za ta zauna a ƙasar sanyi ta ce mana guba ne. Na cusa takardar a ƙarƙashin gwangwanin gishiri. Abin da ya taimake ki, ruwa bai ɗauke ba, kullum yayyafi, ashe addu'arki ce take jiƙa mini shanya. Ki daina haka nan, zannuwana sun fara wari.

Da rana ta fito na kira matan zumuntar coci su zo ranar Asabar mu yi aikin gayya. Saƙonki ya riga su isowa, amma hular kawai na ciro, takardar na ƙi buɗewa. Ranar Asabar mata suka cika tsakar gida da tsintsiya suna ɗaure ɗamara. Na shiga ɗauko makullin ɗakin, na gan ta a kan gado, na ce bari in karanta in samu abin ƙara fushi. Ban san tsawon zaman da na yi a bakin gadon ba.

Na fito na tsaya a ƙofar ɗakin Larye na ba ta baya.

Koko mai kifi ta ce, "Anti Okaile, matsa mana, rana na yi."

Na ce, "An fasa."

"Haihuwar aka fasa ko sharar?"

"Sharar. Kowa ta ajiye tsintsiya ta zo ta ci dokunu."

"Ke? Ke da kike bin titi da tsintsiya har ƙofar gidan mutane?"

Na ce ni ɗin fa, kuma ta je ta dawo mini da guntun siletin da ta ɗauka. Ta ce ai har ta gasa kifi a kai sau ɗaya kuma ya yi daɗi. Na ce na ƙarshe ke nan. Na bi gida-gida da bokitin ruwa ina karɓar guntaye ina tsomawa, yara na bi na a baya suna kukan allinsu.

Tun ranar nake ba ɗaki ruwa safe da yamma da butar shayi, hancina a cikin abin nan naki mai mayar da mutum kamar alade. Unguwa ta ɗauka. An ce Larye ne yake zuwa mini a mafarki yana kukan ƙishirwa. Matar Fasto ta zo da kanta ta zauna, ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi gwiwata, ta tambayi kasuwa, daga ƙarshe ta kama hannuna ta ce, "Sista Okaile, matattu ba sa shan ruwa." Na ce, "Na sani, Mama. Larye ko da ransa ba ruwa yake sha ba."

Maganar Kwei kuwa, Sista, me ya sa kika ɗauki wannan ke kaɗai? Ina nan ina cewa kin manta da mu, kin ga fitilun Turawa kin raina gida, ashe ga abin da kike riƙe da shi. Na ji kunya, na kuma ji tausayinki har cikin ƙashina. Ina ganin sa yanzu a bikina da farin wandonsa, ya hana kowa fili.

Ajete ya samo mutanen. Babbansu ya duba ya ce shi ne, irin da kika faɗa. Za su kwashe na ƙasa a jiƙe, su kwance fasassun siletin ba tare da sun karya ba, su rufe wurin da tamfol. Sauke sauran rufin sai bayan damina.

Ga inda na maƙale. Ata Sowa ya ji labari ya zo ya buga sanda a ƙasa. Ya ce, "Ruwan rufin uba, ko kuwa babu. Yaron da ruwan rufin gidansu bai taɓa ba, ina zai san gidansu? Mu ba a fitar da namu a gindin tamfol kamar buhun siminti." Kin san shi ne babban gida, shi zai yi addu'a, shi zai faɗi suna. In ya ƙi zuwa, ba a yi komai ba. Kuma in faɗa miki gaskiya, ni ma zuciyata tana can wurin rufin Larye, ina ganin kamar na hana shi taɓa jikansa. Ciki kuma ba ya jiran kowa. Ki gaya mini yadda zan yi da tsohon nan.

Taki, ƙazamar Teshi,
Okaile

Liverpool, Agusta

Okaile ƙanwata,

Na gode wa Allah, na gode miki. Yau na yi barcin rana irin wanda na daɗe ban yi ba. Muna lafiya. Maganar matar Fasto a cikin bas na karanta ta, na yi dariya har direba ya waiwayo. Margaret ta ce Magret ɗin ma ta karɓa.

Ata Sowa kuwa, ki tambaye shi a gindin wane rufi aka fitar da Kote. In ya ce ya manta, ga tuni.

Cikin hunturu aka haifi Kote, muna haya a ɗaki ɗaya a can saman bene. Jirginsu Ata Sowa yana tasha a lokacin, shi ne babba a cikin mutanenmu da ke garin, Kwei ya je ya ɗauko shi. Rufin gidan ko tsani ba ya kaiwa. Ya zagaya baya cikin aron kwat da ta kai masa idon sawu, ya ga ɗan rumbun da ake ajiye gawayi, ya ce, "Kwei, wa yake biyan hayar gidan nan?" Kwei ya ce shi. Ya ce, "To wannan ma rufinka ne, kawo yaro." Aka ɗumama ruwa, ya ɗaga kwano ya watsa, santsin ƙanƙara ya kwashe shi ya zauna daɓas, rabin ruwan ya dawo kansa. Wata tsohuwar baturiya ta leƙo ta taga ta ce za ta kira 'yan sanda. Kote yanzu ga tumbi ga 'ya'ya biyu, kuma ya san gidansu sarai.

Ki fara yi masa a keɓe, tsoho ne, kada ki kunyata shi a gaban yara. Ki kuma faɗa masa abin da ya sami Kwei. Na ba ki izini, shi da duk wanda ya tambaya. Abokinsa ne, ya kamata a ce tuntuni ya sani.

Wane rufin, wannan ke za ki duba. Gidanki ne, ni rabona da shi an daɗe.

In mutanen sun gama, a goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman ya bi buhunan. Katifa da labule ma su bi su, don ƙurar tana shiga cikin zare. Na san za ki ce katifar Larye ce. Larye ya gama kwanciya a kanta. Buhunan kada a ƙona, kada a zuba a bola inda yara ke tona, su mutanen sun san inda ake kaiwa a binne.

Ina jiran labari, kada ki sake yi mini shiru.

Yayarki,
Lamile

Teshi, Satumba

Sista Lamile,

Mace ce. Uwa lafiya, 'ya lafiya, kaka ce kawai ta kusa zaucewa. Ta zo da gashi cike da kai da muryar da ake ji har bakin titi. Ina fata kuna lafiya, ki zauna sosai, takardar nan doguwa ce.

Mutanen sun zo sun yi aikinsu kafin haihuwar. Sun kore mu zuwa tsallaken hanya, na zauna a shagon tela ina leƙe. Komai a jiƙe suka ɗauka, suka naɗe a leda mai kauri ninki biyu, har rigunan jikinsu suka cusa a ciki. Sun fi ni tsafta, abin ya ba ni haushi. Katifa ta tafi. Kujerarsa ta katako suka goge suka ba ni.

Ata Sowa na same shi shi kaɗai, na kai masa dokunu mai zafi da soyayyen kifi. Na bari ya ci rabi, sannan na ce Lamile tana tambaya ko bayansa ya warke daga faɗuwar bayan rumbun gawayi. Ya ajiye kifi ya ce, "Ƙarya take yi. Ban faɗi ba, zama na yi." Na ce to rufin fa? Ya ce wannan a ƙasar mutane ne. Sai na faɗa masa maganar Kwei, duka, yadda kika rubuta.

Ya kalli kan sandarsa. Ya ce, "Mu na saman jirgi dariya muke musu in sun fito. Mukan ce ga fatalwa nan sun fito shan iska." Ya share ido da bayan hannu. Tun da na san shi, ranar ce ya yi zancen jirgi ba da alfahari ba. Can ya ce, "To, Okaile, wane rufin?"

Wallahi ban shirya amsa ba. Amma daga inda muke zaune idona ya sauka a kan rumfar da nake dafa dokunu. Siletin nan magina ne suka hau suka sa, Larye yana ƙasa yana nuni da yatsa. Rumfar kuwa shi ya kafa ta da hannunsa shekarar da aka kawo ni, don ya ga ruwa yana kashe mini wuta. Kin san ba kafinta ba ne, ya buge babban yatsa har farce ya fita, kuma har yau a karkace take. Duk tsawon zaman nan ina ƙarƙashinta ban taɓa kiran ta rufi ba. Na nuna masa. Ata Sowa ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ni na riƙe masa tsani. Na ce masa ta karkace, ya ce ƙasar ce ta karkace."

Kwano ne zalla, na tambayi mutanen suka ce in wanke son raina. Sista, duk wankin da na haɗiye tun Yuni a kan rumfar nan na sauke shi. Ajete a sama da soso da sabulu, ni a ƙasa ina cewa saura can. Ya ce, "Mama, in na ƙara gogawa zan ɓula." Na ce ya ɓula, ubansa ma ya bar ramuka.

Ranar, tun tauraron asuba bai ɓace ba gida ya cika. Aka shimfiɗa yarinya a gindin rumfa. Ata Sowa ya yi addu'a, ya kira sunayen waɗanda suka riga mu, ya sa Kwei a ciki ba wanda ya tuna masa. Da zai watsa ruwa ya kama ginshiƙi da hannu ɗaya, ya ce ba don ya taɓa faɗuwa ba ne. Ruwa ya hau, ya bi karkacewar Larye, ya taru a kusurwa ɗaya ya sauko mata gaba ɗaya a ciki. Ta tsala ihu, mata suka ɗauki guɗa. Na ce a raina, to Larye, ga hannunka nan ya taɓa ta. Sunanta Ajele, sunan da yake ajiye a gidan yana jiran ta.

Da aka zo wurin macen da za ta taɓa ta da ƙafa don ta ɗauki halinta, ni aka nuna. Na ce a dakata. Na shiga ɗaki na ɗauko silifas ɗinki na hagu na sa. Koko ta ce, "Anti, ba a yi da takalmi." Ata Sowa ya kalli ƙafata ya ce, "A bar ta, na san mai shi." Na taɓa yarinya a hankali na ce, "Ajele, ga ƙafar Lamile, ki ɗauki halinta. Ki faɗi gaskiya ko za a yi fushi da ke. In an yi miki shiru ki sake faɗa."

An sha ruwan masara, an ci, an yi rawa har rana ta take. Matar Fasto ma ta taka. Hular ta yi mata yawa, amma mai laushi ce, za ta girma ta same ta.

Silifas ɗin na wanke na mayar ƙarƙashin gado. Kada ki ce in ba wani ya kawo miki, ba zan bayar ba. Yanzu kowa a nan ya san abin da ya sami Kwei, ba mai tare ki da tambaya. Ki zo ki sa ƙafarki a ciki, ki ga yarinyar da ta ɗauki halinki.

Taki har kullum,
Okaile